Tukwanen da Kaka Ta Ƙi Karɓa

Ina da shekara goma sha ɗaya a duniya ranar da aka fita da Umma daga gida tana zubar da jini. Da la'asar ne, cikinta kuma bai isa haihuwa ba. Abba ya ɗauke ta cak ya kwantar da ita a kujerar bayan mota, ƙafarsa ko takalmi babu. Har ya tayar da mota, ya leƙo ta taga ya ce, "Sa'a, ki kula da Mubarak. Ki kula da Kaka." Mubarak ƙanena ne, shekararsa biyar. Kaka kuwa tana tsaye a bakin ƙofa da muciya a hannu har motar ta sha kwana.

A Gwagwalada muke zaune a lokacin, cikin wasu ƙananan gidaje masu fasali ɗaya kusa da jami'a. Shekarun nan ne da soja suka koma bariki, Abuja tana cika tana tumbatsa, duk inda ka duba rodi ne da bulo, kowane ma'aikaci kuma ya fara maƙala wayar salula a ƙugu. Abba a wata ma'aikatar tarayya yake aiki a cikin birni, da asuba yake kama hanya. Layinmu kuwa kamar an tsinto mutanensa daga kowace kusurwa ta duniya: malaman jami'a, likitoci, injiniyoyi, wasunsu daga ƙasashen da sai a taswirar makaranta na san su.

Kaka ita ce mahaifiyar Umma. Daga ƙauyensu na ƙasar Katsina ta zo don wankan jego, ta kuma zo da wuri, da geronta da kanwarta da daddawarta. Tun ranar da ta sauka ta ce ita ba za ta yi girki a kan wutar da ke fitowa daga tulun ƙarfe ba. Ta sa aka kafa mata murhu a bayan gidanmu, a gindin mangwaro. Can muke taruwa bayan magariba, don wutar lantarki ba ta cika zama ba, zafin Gwagwalada kuma ba ya barin mutum a ɗaki. Idan ta sauke tuwo sai ta janye itace, ta bar garwashi, ta miƙe ƙafafu ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta zauna mu ji." Mubarak take kira maigidanta, ni kuwa Baturiya, saboda Hausata da ke cakuɗe da Turanci.

Ranar da aka tafi da Umma ba a yi tatsuniya ba. Abba bai dawo ba, wayar gidan kuma guda ce, tana ƙugunsa. Gari ya waye, rana ta take, ta karkata, babu wanda ya zo da labari.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na ruga ina zaton Abba ne. Anti Nasrin na gani, matar wani malamin lissafi ɗan Pakistan da ke gidan da ke kallon namu, ta rungumo tukunya naɗe da tawul.

Gabana ya faɗi. Shekarar da ta wuce an kai ni gaisuwar rasuwar wani kawunmu a ƙauye, na ga yadda ake yi: gidan da aka yi mutuwa ba a hura wuta, maƙwabta ne ke ta shigowa da kwanukan abinci. Ban taɓa ganin an kawo mana tukunya haka siddan ba, ba salla ba, ba suna ba. Na tsaya ina kallon tawul ɗin.

Ashe abin da na tuna shi Kaka ta tuna. Ta taho ta bayana ta tokare ƙofa da hannu.

"Baturiya, ki ce mata gidan nan ba a yi mutuwa ba. Wutata tana ci. Ta koma da abinta."

Na juya na ce da Anti Nasrin da Turanci wai Kaka ta gode, mun riga mun yi girki. Ba ta buƙaci fassarata ba, fuskar Kaka ta ishe ta. Ta sunkuyar da kai, ta ajiye tukunyar a kan dakalin baranda, ta shafa kumatuna, ta tafi.

Ƙamshin bai nemi izinin kowa ba. Citta da kaninfari da kirfa, da wasu abubuwan da ban san sunansu ba, suka cika barandar. Mubarak ya fara kuka yana jan zanin Kaka. Ta daɗe tana kallon tukunyar kamar wadda ake jira ta yi magana. Can ta ce, "Zubar da abinci zunubi ne. Ku ci a nan waje. Amma tukunyar nan ba za ta ƙetara mini ƙofa ba." Naman ƙafar saniya ne da ƙashinsa, an dafa shi har ɓargon ya narke cikin romo, romon ya yi kauri, naman yana rabuwa da kansa tun kafin ka taɓa shi. Mubarak ya ci har da siɗe hannu. Ni loma biyu na yi na bari.

Da magariba ta yi, Kaka ta hura wuta fiye da kullum, ko da yake babu abin da ta ɗora. Ta zauna ta ce, "Ga wata nan tafe." Muryarta a dishe take.

Tatsuniyar wata mata ce da ta tafi rafi ɗiban ruwa da goyo a bayanta. Tana sunkuyawa dodon rafin ya kama ƙafarta ya ja ta ƙasa. Ɗiyarta Larai ta biyo sawu, ta tarar da tulu kawai a bakin ruwa. Ta tsaya tana kira har dodo ya ɗago kai.

"Ya ce mata, ke yarinya, kin dame ni. Ni yunwa ce da ni wadda ban san maganinta ba. Na sha miyar garinku duka, kuka da kuɓewa da taushe, ban ƙoshi ba. Ki tafi ki samo mini miyar naman da za ta ƙosar da ni kafin watan nan ya mutu. In kin kawo, ki tafi da uwarki. In wata ya riga ki, kada ki dawo."

Larai ta ɗauki ƙorai ta kama hanya. Ta yi tafiya har ta wuce inda ake jin Hausa. Ta isa wani gari da matansa ke yafa mayafi mai laushi, ta tsaya a ƙofar wani gida, kunya ta hana ta sallama. Matar gidan ta fito ta gan ta, ba ta ji abin da take faɗa ba, amma ta ga idonta. Sai ta ɗora tukunya, ta sa ƙashi da nama, ta kwana tana gyara wuta.

"Mutanen garin nan," in ji Kaka, "ba su san hanzari ba. Sai ɓargo ya zama ruwa suke saukewa. Kayan ƙamshi kuwa, kamar sun kwashe rumfar mai turare sun juye a tukunya. Gishirin dai ya ɗan yi kaɗan."

Na ɗago na dube ta. Ban ga lokacin da ta ɗanɗana ba. Ta kawar da kai, ta tura itace da ƙafa, ta ce matar ta cika wa Larai ƙwarya guda, saura sai gobe. Tunda muke da Kaka ba ta taɓa raba tatsuniya biyu ba.

Washegari ma Abba bai zo ba. Ban je makaranta ba, babu wanda ya ce in je. Da yamma Madam Ilona ta zo. Baturiya ce ta gaske, 'yar ƙasar Hungari, wani injiniya ɗan Jos ya auro ta lokacin da ya je karatu can, tana kuma aikin jinya a asibitin da aka kai Umma. Ita ma da tukunya. Ta ajiye ta kusa da ta jiya, ta rusuna ta ce, "Mama, ina wuni. Ni kawo miya." Nan Hausarta ta kusa ƙarewa.

Sai ta durƙusa har idonta ya yi daidai da nawa, ta riƙe hannuwana biyu. Ta ce da Turanci Abba ne ya aiko ta wurin Kaka, shi ya kasa barin ƙofar ɗakin da Umma take. Ta ce ta nemi babban da zai fassara ba ta samu kowa a layin ba, in yafe mata, wannan ba maganar da ake ɗora wa yarinya ba ce. Daga nan ta faɗa.

"Me ta ce?" in ji Kaka. "Kada ki rage mini ko kalma, Sa'adatu."

Da ta kira ni da cikakken sunana na san babu wurin ɓuya. Na ce jaririn namiji ne, bai zo da rai ba, an riga an yi masa sutura. Na ce an yi wa Umma aiki, jini ya zuba da yawa. Na ce mazan layinmu sun je sun ba da nasu jinin, har da mijin Anti Nasrin. Na ce tana numfashi, amma har yanzu ba ta buɗe ido ba, likitoci kuma sun ce sai dai a jira. Kowace kalma sai na juya ta daga Turanci zuwa Hausa, a Hausar kuma ta fi nauyi.

Kaka ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta lalubi bango ta zauna a kan dakali. Na jira ta yi kuka, ba ta yi ba. Ta ƙura wa sabuwar tukunyar ido, can ta ce, "Tambaye ta wa ya yanka naman."

Kunya ta kama ni, amma na tambaya. Madam Ilona ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Malam mai nama, na kasuwa. Wanda maman Sa'a yana saya. Ni sani, Mama." Kaka ta gyaɗa kai sau ɗaya. Tukunyar dai a baranda ta kwana.

Miyar ja ce wur kamar an zuba manja, alhali babu manja. Wani irin barkono ne na ƙasarsu, mai ƙamshi, marar yaji, da albasa mai yawa da ta narke, da dankali da gutsattsarin naman sa. Mubarak yana ci yana tambayata yaushe za a kawo jariri. Na ce ya ci abincinsa.

Na yi zaton ba za a yi tatsuniya ba, amma ana idar da magariba Kaka ta kira mu. Larai ta isa garin wasu fararen mutane inda sanyi ke sa ruwa ya daskare. Wata mata ta dafa mata jar miya. "Kana ganinta sai ka nemi ruwa kusa, ka ce yau harshena ya ƙone. Ka sa a baki, ashe barkonon nasu ba ya faɗa." Larai ta karɓi ƙwarya ta biyu. Ta ɗaga kai ta ga wata ya rame, ya koma kamar yankan farce. A kan hanya wani tsuntsu ya sauka a kafaɗarta ya ce daga rafin garinsu yake.

"Ya ce mata, Larai, goyon da ke bayan uwarki, ruwa ya tafi da shi."

Mubarak ya daina wasa da tsinken da ke hannunsa. "Ya mutu?"

"Allah ya karɓi abinsa, maigida."

Yaro ne, amma na ga lokacin da abin ya shige shi, don ya bar wurinsa ya zo ya kwanta a jikina. Can ya ce, "Uwar fa?"

Kaka ta ɗauki muciya tana tona garwashi, tartsatsi yana tashi. "Ban kai can ba tukuna," in ji ta. "Ku tashi ku yi isha'i."

Rana ta gaba hadari ya haɗu tun da azahar, ya yi baƙi ƙirin ta wajen duwatsu, amma ya ƙi zuba. Iska ta tsaya cak. Duk motar da ta shigo layi sai mu miƙe, ta wuce mu koma mu zauna. Kaka tun da aka fita da Umma ban ga ta sa komai a baki ba sai ruwa da goro.

Gab da magariba Hajiya Su'ad ta zo. Tsohuwa ce 'yar Sudan, uwar wani likita da ke ƙarshen layi, ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Ita ba ta ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ta zagayo ta lungu har bayan gidanmu, lulluɓe da doguwar laffayarta, ta yi sallama, ta ɗora tukunyarta a kan murhun Kaka kamar nata ne, ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna.

Kaka ta buɗe baki za ta yi magana, ta dube ni, ta tuna ba ni da abin fassarawa. Hajiya Su'ad ta buɗe murfi. Tururi ya tashi.

Kaka ta matso da kai. Ta sake matsowa. "Ikon Allah," in ji ta. "Busasshiyar kuɓewa ce. Da busasshen nama, dakakke. Wannan ai miyar gidanmu ce, Baturiya. Ina suka samo ta?"

Tsohuwar ba ta ji ba, amma ta yi murmushi. Sai ta dafa cikinta, ta rungume hannuwa kamar mai riƙe da jariri, ta nuna sama. Ta sake yi. Ta nuna ƙirjinta, ta buɗe tafin hannu kamar mai cewa ga ni nan dai. Kaka ta daɗe tana kallonta. Sai ta tashi ta ɗora ruwa, ta tuƙa tuwon gero. Su biyu suka sa hannu a akushi ɗaya, miyar tana yauƙi tsakanin yatsunsu. Kaka tana ci, hawaye yana bin kumatunta yana shiga bakinta, ba ta share ba. Da suka gama ta ce da ni, "Je ki shigo da tukwanen mutanen nan. Ki wanke su da kyau."

Hajiya Su'ad ba ta tafi ba. Suka yi magariba kafaɗa da kafaɗa, ta dawo ta zauna tana jan carbi. An fara walƙiya. Kaka ta ce, "Ga wata nan tafe," muka ce ta zauna mu ji, ko da yake ni a raina ba na so in ji.

Larai ta biyo ta garin wasu dogayen mutane a bakin wani babban kogi, ta tarar miyarsu irin ta gida ce, ta ci ta sami ƙarfin gudu. Ta iso bakin rafi a daren da wata zai mutu, ƙorai a kanta. Dodo ya fito. Ya shanye ta farko, ya ce bai ƙoshi ba. Ya shanye ta biyu, ya ce bai ƙoshi ba. Ya ɗauki ta ƙarshe.

A daidai nan muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Na san ƙarar motar Abba. Fitilarta ta haska saman mangwaro, sannan ta mutu. Aka buɗe ƙofar mota, aka rufe. Na yunƙura zan tashi, Kaka ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

"Zauna. Ban gama ba."

Ta shiga magana da sauri, irin saurin da ban san ta da shi ba. Dodo ya shanye, ya lashe ƙwarya, ya ce har yanzu da saura. Larai ta ce ba ta da sauran komai. Sai dodo ya dubi bayanta ya ga wuta, nan wuta, can wuta, har iyakar ganinsa. Ya ce wutar mene ce wannan? Ta waiga. Ashe matan garuruwan nan duk sun biyo ta, kowace da tukunyarta, sun kafa murhu a bakin rafi sun zauna.

Muna jin takun Abba a cikin gida. Ya kira sunana sau ɗaya. Muryarsa ba ta nuna komai ba.

"Dodo ya ce, duk waɗannan uwarki suke jira? Larai ta ce ita suke jira. Ya ce sun san ta ne? Ta ce ko sunanta ba su iya faɗa daidai ba. Ya ce to ni ba zan iya riƙe wadda ake jira haka ba, ki kira ta. Sai ta tsaya a bakin ruwa ta ɗaga murya ta ce..."

Kaka ta saki hannuna. Ba mu take kallo ba, duhun da ke bayan mangwaro take kallo.

"Asma'u! Asma'u, ki fito haka nan!"

Sunan Umma ke nan. Umma 'yar fari ce, mutanen su Kaka kuma ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Iyakacin abin da na taɓa ji daga bakinta shi ne "uwarku" ko "waccan". Ban taɓa jin sunan nan a muryarta ba sai ranar.

"Ta fito," in ji Kaka, numfashinta yana sama. "Ta fito da ƙafarta. Nan na sauke ta, mai so ya ɗauka."

Abba yana tsaye a ƙofar baya. Rigar da ya fita da ita ce a jikinsa, da silifas ɗin da ba nasa ba. Ya durƙusa daga nesa kamar yadda yake gaida surukarsa kullum, kansa a ƙasa. Babu wanda ya motsa. Carbin Hajiya Su'ad ma ya tsaya.

"Hajiya," in ji shi, "ta farka. Ta sha ruwa. Ta ce a tambaya ko yara sun ci abinci."

Kaka ta ce alhamdu lillahi a hankali, ta juya mana baya tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Hajiya Su'ad ta dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ta gane, ta ɗaga hannuwa sama. Kafin mu kwashe tabarmi ruwa ya sauko.

Umma ta daɗe kafin a sallame ta. Ta dawo a rame, hannunta babu komai, kayan jaririn kuma Kaka ta riga ta ƙulle su ta ba Abba ya kai wani wuri. An yi wankan jego duk da haka. Tukwane suka ci gaba da zuwa, Kaka tana karɓa da hannu biyu, ba ta kuma taɓa mayar da ko ɗaya wayam ba: wata da dambun nama, wata da fura, wata da farfesun kan rago. Ta dai ci gaba da cewa gishirin Anti Nasrin ba ya ji.

Na girma ina ɗauka na gane tatsuniyar. Na riƙe ta a matsayin labarin maƙwabtaka, cewa mutumin da bai san yarenka ba yana iya sanin halin da kake ciki. Har na koyi dafa miyoyin nan, na san sunayensu, nihari da gulash da mulah, ina yi wa 'ya'yana. Bayan Kaka ta rasu da shekaru, muka je ƙauye hutun salla, na tara yaran gidan da yamma ina ba su labarin Larai. Inna Lami, ƙanwar Umma, tana gefe tana tsince shinkafa. Da na kai ƙarshe ta ajiye faifai.

"Wa ya ce miki haka take ƙarewa?"

Na ce Kaka.

Ta girgiza kai. Ta ce su ma da tatsuniyar aka rene su, sun ji ta ba adadi. Larai tana tsayawa ne a garuruwan baƙi, daɗin miya ya ɗauke mata hankali, wata ya mutu tana hanya. Tana isowa ta tarar da ɗankwalin uwarta yana yawo a kan ruwa. Babu wasu mata, babu wata wuta. Ana yi wa 'yan mata ita ne don kada a aike su su zauna cin abinci a gidan da ba su sani ba.

Na kwana ina juya maganar. Kaka ta san ƙarshen tun daren da ta fara, shi ya sa take ta yanka ta gunduwa gunduwa, tana jan ƙafa. Da ta ji motar Abba ba ta san abin da ke bakinsa ba, kamar yadda mu ma ba mu sani ba. Ɗan lokacin da Abba zai tako daga ƙofar gida zuwa gindin mangwaro kawai take da shi, a cikinsa ta rushe abin da uwarta ta koya mata game da baƙi, ta gina wani, ta kuma faɗa da ƙarfi kafin a zo a gaya mata akasinsa. Na yi ta zaton mu take rarrashi. Yanzu ina ganin roƙo take yi, ta hanyar da bakinta ya iya.

Da muka dawo Abuja na ba Umma labarin duka. Ta san da tukwanen, ba ta san da sauran ba. Da na zo wurin kiran sai ta dakatar da ni.

"Ta faɗi sunana? Da bakinta?"

Na ce har sau biyu.

Ta shiga murza bakin mayafinta. Gashinta ya riga ya yi fari a lokacin, ta yi jikoki. Can ta ce, a hankali kamar mai jin kunyar tambaya, "Yaya ta faɗe shi?"

Ni ma tunda aka haife ni ban taɓa kiran sunanta ba. Na gyara zama, na nemo muryar Kaka iyakar iyawata, da dishewarta da Katsinancinta, na kira shi. Umma ta rufe ido.

"Sake," in ji ta.